Rumfa Mai Lamba 417

Shekara talatin da ɗaya Ovidio Tibaduiza ya yi yana kallon ƙasarsu daga sama, amma sau ɗaya tak ya taɓa hawa jirgi, shi ma amai ya yi ta sheƙawa har aka sauka. Aikinsa a ƙasa yake, a wani ɗaki mara taga cikin sansanin sojin sama, inda sanyin na'ura ke sa mutum saka rigar sanyi alhali a waje kwalta narkewa take. Jirage su tashi su ɗauko hotunan daji da koguna, a kawo masa, shi kuma ya duba ya ce wannan maɓoyar 'yan bindiga ce, wannan wurin dafa hodar iblis ne, wannan kuwa gidan talaka ne da aladunsa, a ƙyale shi. Farar hula ne, ko igiya ɗaya ba shi da ita a hannun riga. Duk da haka har masu anini a kafaɗa Don Ovidio suke ce masa, wato Malam Ovidio, don girmamawa.

Ɗan ƙauye ne daga tuddan da ake noman rake. A rumfar mazarƙwailar ubansa ya tashi, kuma har yau akwai tabon ƙuna a wuyan hannunsa na dama, inda tafasasshen ruwan rake ya fallatsar masa. Lokacin da aka ɗebe shi aikin soja na dole, wani saje ya ajiye hoton sama a tebur, samari suka yi ta juya shi ba su gane komai ba. Ovidio ya leƙa ya ce, "Mai gidan nan ya mutu ko ya gudu. Ku duba, ayaba ta nuna ba a sare ba." Aka bincika, ashe kuwa ya mutu. Daga nan bai sake komawa gona ba, da ya gama aikin dolen ma aka riƙe shi a matsayin farar hula.

Ɗakin nan yana da wata ƙa'ida, kuma a kanta duk wannan labari ya rataya. Idan mai duba hoto bai gamsu da wuri ba, yana iya ɗora masa "dakata". A da tambari ne da jan tawada, yanzu maɓalli ne a kwamfuta. Muddin dakata na kan wuri, ba jirgin da zai jefa masa komai. Sai dai kowace dakata da sunan mutum take tafiya. Ranar da mutumin ya bar aiki, kwana uku take ƙarawa ta faɗi da kanta, in ba wani ya karɓe ta ya sa nasa sunan ba. Ovidio kuwa ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma zai yi ritaya, kuma yana da dakata guda da ta hana shi sukuni, a kan wata rumfar kwano a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Perdiz. A kwamfuta sunanta 417.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo wata na'ura daga wani kamfanin ƙasar waje, mai duba hoto dubu kafin mutum ya kurɓi kofi. Ba ta san komai ba da ta zo, sai aka ce Don Ovidio ya koya mata. Ya koya mata kuwa, har da alfahari, wawan Allah! Ya nuna mata cewa rumfar mazarƙwaila da wurin dafa hoda kamanninsu ɗaya daga sama: wuta mai ƙarfi, durom-durom, baƙar leda, mutane suna kai da kawowa. Bambancin shi ne da'ira. Inda ake matsar rake, alfadari ne ke zagaya abin matsar yini guda, shekara da shekaru, har ƙafarsa ta zana zobe a ƙasa. In kin ga zobe, in ji shi, talakawa ne, ki wuce. Na'ura ta haddace wannan tsaf, ta fi shi ma riƙewa.

Abin da bai lissafa ba shi ne talaka ma yana son hutu. Mutane suka fara sayar da alfadarai suna sayen ƙaramin inji. Inji ba ya zagaye, man fetur yake sha, man kuma a durom ake ajiye shi. To ga 417: wuta akwai, durom akwai, leda akwai, zobe babu. Sau biyu kuma kyamara ta kama 'yan bindiga sun tsaya da kwale-kwale a bakin ruwan wurin, kamar akwai inda ba sa tsayawa a wannan kogin. Na'ura ta ba rumfar maki tamanin da huɗu cikin ɗari. In ta kai casa'in, sunanta ya hau jerin wuraren da za a kai wa hari, kuma abin da ke saurin ɗaga maki shi ne taron mutane. Shi Ovidio ya ga farin tsibi a bayan rumfar ya san ɓawon rake ne ake shanyawa don hura wuta. Ya ga ba a kunna wutar sai bayan mako bibbiyu. Ya rubuta wa kamfanin a gyara darasin zobe, aka amsa masa da ladabi cewa gyara na gaba sai bayan wata takwas.

Ranar Litinin ta makonsa na ƙarshe aka kira babban taro a kan abin da rundunar za ta buƙata nan da shekara ashirin wajen leƙen asiri daga sama. Kanar Peñuela ne ya jagoranta, mutum mai fara'a wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya yi ta nuna hotuna a bango: tauraron ɗan'adam nasu na kansu, jirgi mara matuƙi da zai yi awa arba'in bai sauka ba, kyamarar da ke gani ta cikin ganye. Babban burin dai shi ne daga ganin wuri zuwa jefa masa bam kada a wuce minti tara. Da aka kusa tashi, ya waiwayo bayan zauren don karamci.

"Don Ovidio, kai ne tsohon hannu, jibi za ka bar mu. Faɗa mana, me muka manta?"

Ovidio ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Yallaɓai, mutum ɗaya wanda ya taɓa ƙonewa a kaskon mazarƙwaila."

Zaure ya ɗauki dariya. Wani manjo ya ce, "A haɗa mana da mai toya wainar masara, yunwa muke ji."

"Ba wasa nake ba, yallaɓai," in ji Ovidio. "Ido kam muna da shi, har ya yi mana yawa. Da na fara aiki, hoto ɗaya nake samu a mako, in zauna da shi har in san karen gidan. Yanzu dubu tara ne a yini. Kyamararku tana iya ƙirga mutum arba'in a tsakar gida, amma ba ta san ko biki suke ba, ko makoki, ko yaƙi. Minti tara kuwa, wallahi ko ƙwai ba na yarda ya dahu a minti tara."

Aka sake dariya, wannan karon har da tafi. Kanar ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi kyauta, ya ce wa magatakarda, "Rubuta: a nemi kyamara mai iya bambance nau'in amfanin gona." Haka aka rubuta, kuma haka yake a rahoton har yau.

Talata ya ƙarar da ita yana bin tebur-tebur kamar mai tallan goro, ko wani zai karɓi 417. Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce bari ya yi tunani. Ya bar Laftanar Yurani Mosquera sai ƙarshe, domin ita ce wadda ya fi sa wa rai. Shi ya koya mata aikin da hannunsa, kuma tana da kai.

"Don Ovi, na yarda da kai," ta ce, ba ta ɗago daga allon kwamfutarta ba. "Har zuciyata na yarda."

"To sa sunanki mana, 'yata. Danna ɗaya ne."

"Ka manta Saje Buitrago?"

Bai manta ba. Buitrago ya taɓa ɗora dakata a kan wani gida don ya ga shanyar kayan yara. Bayan mako biyu, daga gidan nan aka fito da nakiyar da ta kashe sojoji shida a kan gada. Ba wanda ya kai shi kotu. Uwayen sojojin ne dai suka gano gidan Buitrago, suka riƙa zuwa suna tsayawa a ƙofa ba sa cewa komai, har ya bar garin.

"Kai ka san rake," in ji Yurani. "Ni a birni aka haife ni, ubana aski yake yi. Ban taɓa ganin rake a tsaye ba sai a hotunan nan. In aka tambaye ni dalili, me zan ce? Don Ovidio ne ya ce? Don Ovidio yana gida yana ba kaji dawa." Sai a lokacin ta dube shi, idonta ya ciko. "Ka yafe mini. Tsoro nake ji."

Bai ji haushinta ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da akwai mugu ɗaya a ginin nan da zai nuna da yatsa, da ya samu sauƙi.

Laraba aka yanka masa kek mai siffar jirgi, aka ba shi agogon bango. Ƙarfe huɗu daidai wani kofur ya karɓi katinsa na shiga ya huda shi. Tun daga bakin ƙofa ya fara lissafi: Asabar, ƙarfe huɗu. Kuma bisa ga hotunan da ya bi wata shida, wannan Asabar ɗin ce ranar kunna wuta.

Matarsa Nohemí ta same shi yana cusa riga biyu a jaka. Ta daɗe tana shirin su je bakin teku, ba su taɓa zuwa ba.

"Ina zuwa kuma?"

"Mazarƙwaila zan sayo."

"Mazarƙwaila? Ga ta nan jibge a shagon kan kwana!"

"Ba irinta ba."

Ta tsaya ta dube shi. "Shekara talatin ba ka gaya mini me kake yi a ramin nan ba, yau ma kar ka fara. Ɗauki maganin hawan jininka." Ya ɗauka. Ya san abin da zai je yi sunansa fallasa sirrin soja, kuma kurkuku ne hukuncinsa.

Yini guda a bas, ya kwana a wani gari mai ƙura, sannan rabin yini a kwale-kwale mai inji. A wata kwanar kogi wasu samari masu bindiga da takalman roba suka tsayar da su, suka tambayi tsoho me ya kawo shi. Ya ce mai sarin mazarƙwaila ne, ya nuna tabon hannunsa. Ɗayansu ya yi dariya ya ce uwarsa ma tana da irinsa, suka bar shi ya wuce.

Juma'a da la'asar ya sauka a bakin Perdiz. Tun kafin ya hau gangaren, ƙamshin ɗanyen rake ya tare shi. Ga facin shuɗin kwano a kusurwar rufin, ga mangwaron da ya karkata, ga farin tsibin a baya. Wata shida yana kallon wurin nan ta ƙoƙon kansa, yau ya gan shi ta fuska. Rake ne jibge har ya kusa taɓa rufi, manyan kasake huɗu a jere kan murhu, da ƙaramin jan inji an lulluɓe shi da baƙar leda. Gaskiyarsa ce tun farko, kuma gaskiyar ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Mai rumfar wani tsoho ne gajere mai tumbi, Gumersindo Piraquive. Matarsa, Doña Eduviges, ta kawo wa baƙo ruwan mazarƙwaila da lemun tsami kafin ma a tambayi sunansa. Suka taɓa hira a kan rake, Don Gumersindo ya gane baƙon ɗan gida ne a sana'ar, sai ya saki jiki.

"Ina alfadarinka?" in ji Ovidio.

"Sanata? Na sayar da ɗan banza shekara uku ke nan."

"Sanata?"

"Ci kawai ya iya, in aka zo aiki sai ya yi barci a tsaye. Wannan kuwa," ya daki injin da tafin hannu, "ba ya cizo, ba ya harbi."

"Da za ka ari wani, ya zagaya nan wajen yau da gobe, ko zoben ya fito..."

Don Gumersindo ya dube shi kamar ya ga mai taɓin hankali. "Wane zobe? Na Sanata shekara tara ya ɗauka kafin ya fito, damina ɗaya ciyawa ta cinye shi. Sauran kuma na zuba masa siminti. Kai, aboki, sarin mazarƙwaila ka zo ko duba ƙasa?"

Ovidio ya jira Doña Eduviges ta koma madafa. Sannan ya ja tsohon bayan tsibin ɓawon rake ya faɗa masa komai, da ɗakin, da na'urar, da makin, da ƙarfe huɗun gobe. Bai ɓoye cewa shi ya koya mata darasin zobe ba. Bai taɓa faɗin waɗannan abubuwa da baki a wajen sansani ba.

Don Gumersindo bai firgita ba. Ya ciro wuƙa ya fere guntun rake, ya daɗe yana tauna.

"Mun san ana kallonmu," ya ce. "Abin nan shekara nawa yana mana ƙugi a ka kamar sauro. Mun ɗauka dai mai kallon yana da hankali."

"A da yana da shi. Kar ku kunna wuta gobe, Don Gumersindo. Ku bar nan na mako guda."

"Tabbas ne za su jefo?"

"Ba tabbas. In taro ya yi yawa, maki zai haura. Daga nan sai yadda wani hafsa ya ga dama, shi kuma bai san wurin nan ba."

"Ka ji ko. Ba tabbas." Ya tofar da abin da ya tauna. "Raken nan da kake gani na gida goma sha biyu ne, an riga an sare. In ya kai Litinin ya yi tsami, sai dai aladu. Wannan ma ƙarami ne. Ka ga yaran da suka tare ku a kogi? Bara, can sama da mu, wasu mutane suka kwashe kayansu ana gobe za a yi ruwan wuta a kusa da su. Sa'a ce kawai, bikin suna za su je. Da ƙura ta lafa, yaran nan suka bi su suka tambaye su wa ya gaya musu. Mutum biyar suka kashe, har da surukar gidan. To in na kashe wuta na gudu, bam ya faɗo, ni wa zan ce ya gaya mini? Kai kuma ko bakin ruwa ba za ka kai ba."

"To a rage mutane. Mata da yara su zauna a gida. Kar a wuce ashirin."

"In ce musu me? Tun kakannimmu ranar dahuwa kowa zuwa yake, mace ta zuba a mazubi, yaro ya lashi kasko. In na ce kar su zo, kafin azahar magana ta kai kogi." Ya goge wuƙar a wandonsa ya mayar kube. "Ba ka gaya mini komai ba, ni ma ban ji komai ba. Eduviges tana da ciwon zuciya, kar ka kuskura. Kwale-kwale yana tashi bakwai na safe. Ka gaida gida."

Ovidio ya tsaya a bayan tsibin shi kaɗai. Ya yi tafiyar kwana biyu, ya sayar da rantsuwar shekara talatin da ɗaya, abin da ya samu kawai shi ne ya ɗora wa tsoho ɗaya kayan da a da shi kaɗai ke ɗauke da su.

Da gari ya waye aka tayar da inji, aka cinna wuta. Mutane suka fara ɓullowa ta hanyoyin cikin rake, wasu a babur, wasu a ƙafa, mata da tukwane a ka, wani da rediyo a kafaɗa. Ovidio na tsaye a gindin mangwaro da jakarsa, bakinsa na motsi. Ba da niyya ba, ƙirga yake, aikin da ya iya ke nan. Sha tara. Ashirin da shida. Wata mai ciki da 'yan mata biyu, ashirin da tara. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ba komai sai shuɗi, ko gajimare ɗaya babu da zai rufe su.

Mai kwale-kwale ya yi ta busa ƙaho a bakin ruwa. "Tsoho! Za ka ko ba za ka ba? Sai Talata fa in na tafi!"

A kasko na uku wani mutum yana juya ruwan rake da dogon ludayi, yana yi yana hira, gefen ya fara kamawa. Ovidio ya ajiye jakar a gindin bishiya, ya naɗe hannun riga, ya je ya karɓi ludayin. "Daga ƙasa ake ɗebowa, ɗan'uwa, za ka ƙona wa mutane kaya." Don Gumersindo ya hango shi daga wajen inji, ya ci gaba da tura rake. Ƙarar kwale-kwalen ta yi nisa har ta ɓace.

Wajen hantsi Doña Eduviges ta zagayo tana ƙirga kawuna don ta san yawan kajin da za ta yanka. Ta tsaya a bayansa tana fifita da gefen zanenta.

"Arba'in cif, ban da masu zuwa da yamma. Baƙo, ashe ba ka tafi ba? In sa da kai a abincin?"

"Sa da ni, Doña."

"To, arba'in da ɗaya," ta ce, ta wuce madafa.